Kwanon da Fusano Ta Kife

Tsibirin Kazahaya, Afrilu 1941

Zuwa ga ƙanwata Itoe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da gidanki. Mu nan lafiya lau, sai Inna surukata da ƙafafunta suka ƙi tashi tun sanyin da ya wuce. Bakin dai yana nan da ƙarfinsa. Da safe ta tambayi ɗanta, da rana ta tambayi ɗanta, da yamma ta ce miyata ba gishiri. Furannin itatuwan ceri na bakin teku sun buɗe sun zube ba mai kallo, don samarin duk sun watse, wasu soja, wasu wajenku Kure.

Wasiƙar Tomekichi ta iso, ko in ce wasiƙarki. Ban taɓa damuwa da cewa mijina bai iya rubutu ba sai bana. Tun hunturu da sojan ruwa suka kwashe masassaƙan jirage suka kai ma'aikatarsu, ya sauka a gidanki, duk kalmar da ta fito daga bakinsa sai ta bi ta hannunki kafin ta zo mini. In ya ce yana kewata, da rubutunki nake gani. In bai ce ba, ban san ko shi ya ƙi faɗa ko ke kika manta ba. Wasa nake yi, kada ki tsuke baki.

Tsoho Gonpachi da ke kai muku gawayi da busasshen kifi a jirginsa ya ce abin da ake ginawa a can tsauni ne guda aka ɗora a kan ruwa. Ya ce Amurka na gina nata, Ingila na gina nata, tunda yarjejeniyar da ta ɗaure hannun kowa ta mutu. Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, a tsibirin nan yanzu ƙusa ta fi kifi wuyar samu.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san al'adarmu, in zaman birni bai mantar da ke ba. Jirgi ba ya shiga teku sai masassaƙi ya huda ɗan rami a gungumen tsakiya, shi kaɗai, ya sa funadama, kurwar jirgin: ƴan ƙwayoyin hatsi da gashin mace mai rai, ya toshe. Tun da na shiga gidan nan, Tomekichi bai gina jirgin da ba gashina a ciki ba. Ban haifa masa ɗa ba, kowa ya sani, amma in na tsaya a gaɓa da yamma na ga jirage suna dawowa, ba macen da ta isa ta yi mini kallon banza.

Ki gaya masa gashin yana nan, na bar shi ya yi tsawo. Ya faɗi ranar da yake so.

Ina labarin Shinsaku? Har yanzu mijin naki yana kan teku? Ki gaishe shi in ya leƙo.

Yayarki,
Fusano

*

Kure, Mayu 1941

Yaya Fusano,

Na gaishe ki, na gaida Inna, da fatan ƙafafun sun yi sauƙi. Ni lafiya, Yaya Tomekichi ma lafiya, har ya yi ƴar ƙiba. Shinsaku ya zo kwana biyu cikin watan jiya ya koma, ko kayansa da na wanke ba su bushe ba.

Yaya, don girman iyayenmu, kada ki sake rubuta abin da Gonpachi ya ce a takardar da za ta bi ta gidan waya. Nan ba tsibiri ba ne. Ana buɗe wasiƙu. Tagar ɗakina da ke kallon teku, an zo an buga mata katako. Jirgin ƙasa in ya iso kusa da gari, sai a sauke labulen ɓangaren ruwa, wanda ya ɗaga kuwa zai kwana inda bai so ba. Mai sayar da tofu, awarar wake, na layinmu cewa kawai ya yi, "Kai, abin nan da girma yake," aka tsare shi har tofunsa ya yi tsami. Yaya Tomekichi ya dangwala yatsa a takardar rantsuwa cewa ba zai faɗa wa kowa abin da yake yi ba, ko matarsa.

Game da hannuna da kike zargi, ni abin da aka ce nake rubutawa. Kin san mijinki. Sai in zauna da alƙalami in ce, "Yaya, me za a ce wa Yaya Fusano?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Ce mata ina lafiya." In ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "Ce mata ta duba rufin rumfar katako kafin ruwa." In ce, "Yaya, mace fa ake rubuta wa, ba ɗan kwangila ba." Sai ya yi dariya ya ce in ƙara abin da ya dace. Ni kuwa ba na ƙarawa, don ban san abin da ya dace tsakaninku ba.

Kada ki damu da cinsa. Shinkafa sai da kati yanzu, amma ina haɗa masa da sha'ir, kuma ya ce miyar miso tawa, mai daddawar wake, irin ta marigayiya mahaifiyarmu ce sak. Rigar aikinsa ta yage a kafaɗa, na ɗinke.

Na karanta masa maganar gashi. Ya ce in rubuta haka: "Ki bar gashinki a kanki."

Ƙanwarki,
Itoe

*

Tsibirin Kazahaya, Yuni 1941

Itoe,

Ina gaisuwa. Inna tana nan yadda take, ni ma haka. Ruwa ya sauka, rufin rumfar katako ya yi yoyo, ki gaya wa mai rumfar na hau da kaina na gyara.

Madalla da jin cewa ya yi ƙiba. A gidana shekara da shekaru bai taɓa yi ba, ashe miyar ce ba ta kai ba. Kuma ban san yana dariya da yamma ba. A nan in ya dawo daga aiki, ci, wanka, barci.

Wannan takarda a hannun Gonpachi take, don haka zan yi magana yadda nake so. "Ki bar gashinki a kanki." Na karanta ta a tsaye, na karanta a zaune, na ajiye na sake ɗauka. Me take nufi? Ba za a sa wa jirgin kurwa ba? Tomekichi ko kwale-kwalen ɗiban ciyawar teku bai taɓa saki ba kurwa ba. Ya taɓa ce mini jirgi marar funadama akwatin gawa ne mai iyo. Mutumin da ya faɗi haka ba zai shimfiɗa katako a kan jirgi mafi girma a ƙasar nan ya sauka hannu rabbana ba. In ba nawa ba, na wa?

Bari in tuna miki abin da ba mu taɓa zama muka yi maganarsa ba. Ranar da mai neman aure ya kawo Tomekichi gidanmu ya gan ni, ke ya fara gani, kina wanke gashi a bakin rijiya, ya zubo har gwiwa. Ina leƙe ta ƙofar kicin. Na ga inda idonsa ya tsaya, na ga lokacin da mai neman auren ya ja hannun rigarsa ya ce, "Ba wannan ba, babbar." Ya aure ni, bai taɓa wulaƙanta ni ba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima, kuma ni ma ina da ido.

Ga gashin nan cikin farar takarda, na yanka daga ƙeya inda ya fi baƙi. Akwai furfura ɗaya biyu, na tsince. Ki miƙa masa a hannu, ki kalli fuskarsa, ki rubuto mini abin da kika gani ba abin da ya dace ba.

Fusano

*

Kure, Yuli 1941

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna. Muna lafiya, sai zafi da sauro.

Gonpachi yana jira a ƙofa, ruwa zai janye, don haka a gurguje. Na miƙa wa Yaya Tomekichi gashin. Ya buɗe, ya shafa da babban yatsa, ya naɗe yadda kika naɗe, ya ce in mayar miki. Ga shi nan. Na ce, "Yaya, ka san abin da za ta ɗauka." Ya ce, "Rubuta mata: wannan ba naki ba ne." Na ce ya ƙara ko kalma ɗaya, ya tashi ya fita wanka.

Maganar rijiya ta ba ni kunya, Yaya. Ina ƴar shekara goma sha huɗu, ban ma san an yi baƙi ba.

Ba za a ba ma'aikata hutun Obon, bikin tunawa da matattu, ba bana. Ana aiki ba dare ba rana, wai jaridu sun ce duk jirgi ɗaya da muka sauke a ruwa, Amurka biyu take saukewa.

Itoe

*

Tsibirin Kazahaya, Agusta 1941

Itoe,

Ina gaishe ki, tunda haka aka koya mana. Inna ta yi zazzaɓi ta warke.

Obon ya zo ya wuce. Matattu sun ziyarci gidajensu, rayayyu ba su zo ba. Ni kaɗai na share kabarin mahaifin Tomekichi, ni kaɗai na kunna fitila a ƙofa. Inna ta ce, "Ko matattu sun fi ɗana zumunci." Na ce, "Inna, su matattu ba wanda ke dafa musu miso a can."

An zo tattara ƙarfe. Sun sauke ƙararrawar haikali, sun ɗauki tukunyar wanka ta gidan Gonpachi, sun ɗauki babban kaskona na biki. Na tambayi yaron hukuma ina za a kai, ya ce, "Inda mijinki yake, Baba." To ka ji. Kaskona ya isa ya shiga jirgin, gashina bai isa ba.

Yanzu ki saurare ni. Gonpachi ya dawo jiya, na tare shi tun bai ɗaure igiya ba. Na ce, "Yaya ka baro su?" Ya ce lafiya, yana kallon ruwa. Na ce, "Tsoho, tun ina goye ka san ni, kalle ni." Ya ce, "Ni fa ba na son shiga tsakanin ƴan ciki ɗaya." Na ce ai ka riga ka shiga. Sai ya ce ya same ki kina shanya da kallabi a ka, iska ta ɗauke kallabin, ya ga gashinki iya kunne. Gashin da kika ƙi yankewa ranar da aka ce matan ƙasa su daina ado, gashin da kika yi wata kina kuka don Mama ta rage masa tsawon yatsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ni da hannuna na rubuta miki a hunturu na ce ki ba shi ɗaki, kada ya kwana a barikin ma'aikata cikin ƙwarƙwata. Na ba kura ajiyar nama, na kuma yi mata godiya.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. Yana hana ni ci, yana tashina da asuba. Tambaya ɗaya ce, ki amsa da i ko a'a. Gashinki ne a cikin jirgin?

Fusano

*

Kure, Satumba 1941
(A hannun Gonpachi kaɗai. Kada ta bi ta gidan waya.)

Yayata Fusano,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Jikina lafiya. Zuciyata ce dai ba lafiya tun da na karanta takardarki.

I. Gashina ne. Kada ki yaga takardar, ki karanta har ƙarshe.

A ƙarshen Yuli Shinsaku ya zo da jakarsa. An ɗauke shi daga tsohon jirginsa, an sa shi cikin waɗanda za su karɓi sabon. A can ƙasa zai yi aiki, wajen tukunyar wuta, inda ko an yi rana ko an yi dare ba a sani ba. Yana murna kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. Ya ce, "Itoe, wannan ba abin da zai taɓa shi. Bindigoginsa za su kai inda na Amurka ba sa kaiwa." Na ce, "Su kuma can me suke gaya wa matansu?" Ya ce in rufe baki, bango yana da kunne. In aka ji na rubuta inda aka tura shi, ni da shi duka mun shiga uku, shi ya sa ban iya sa wannan a gidan waya ba.

Da ya tafi bariki, na sami Yaya Tomekichi yana wasa ƙarfen sassaƙa a tsakar gida. Na ce, "Yaya, ka sa wa jirgin kurwa?" Ya ce bai sa ba, kuma ba zai sa ba. Na ce, "Mijina zai hau jirgi marar kurwa?" Ya ce, "Kin manta Gwaggo Matsu?" Ban manta ba, ke ma ba ki manta ba. Jirgin da ke ɗauke da gashinta ya tafi bai dawo ba, ita kuma ta bushe a tsaye kamar itace, shekara ba ta zagayo ba aka binne ta. Teku in ya riƙe gashin mace, sai ya jawo mai gashin. Ya ce ba zai ɗaure ƴar kowa da wannan jirgin ba.

Na durƙusa na sa goshi a ƙasa. Ya ce, "Tashi, yayarki za ta kashe ni." Na shiga ɗaki na ɗauko almakashi na datse shi duka a gabansa, don kada ya ce in sake tunani. Ɗan kaɗan yake buƙata, ni ce na yi hauka. Ya murɗa silin ya saƙa a igiyar takalminsa na ciyawa, saboda ana caje su a ƙofar ma'aikata har cikin kwanon abinci. Da ya dawo da yamma bai ci komai ba. Ya ce, "An toshe." Ban tambaye shi a ina ba.

Ba abin da ke tsakanina da mijinki, Yaya, sai miya da allura. Na ce masa wannan karon ba zan rubuta masa ba, ya rubuta da kansa ko da zai kai gobe. Kwana uku ya yi yana fama da baƙaƙen da ya koya a aji biyu. Ga shi a ƙasa, ban gyara masa komai ba.

Itoe

Fusano. Ni ne Tomekichi. Jiragen da na sa gashinki don kifi na gina su. Su fita da safe su dawo da yamma. Wannan an gina shi ne don wani a ƙetaren teku yana gina irinsa. Ranar da suka haɗu ɗaya ba zai koma gida ba. Ban san wanne ba. Ba zan sa ki a ciki ba. Ki gaida Inna. Na gode da rufin.

*

Tsibirin Kazahaya, Oktoba 1941

Itoe,

Gaisuwa. Inna na raye, ni ma.

Katinki mai layi biyu ya iso ta gidan waya. "Ki yi haƙuri, Yaya, bayani yana zuwa." Na ce i ko a'a, kin ce bayani. Wanda zai ce a'a ba ya neman bayani. Gonpachi ya ce an hana ƙananan jirage shiga mashigin ruwanku tun farkon kaka, ya je har baki aka koro shi da gawayinsa. Ya yi muku daɗi, ba mai ganin kanki ya zo ya faɗa.

Matan tsibirin nan sun ji, don bakin matar Gonpachi ba ya da murfi. Shekaranjiya ina tsaye a gaɓa jirage na shigowa, wata ta ce wa ƴar'uwarta, yadda zan ji, "Ƙananan na babba ne, babban na ƙarama ne." Suka yi dariya a hannun riga. Na dawo gida ban sayi kifin ba.

To bari in gaya miki abin da na yi, don ni ba na aiki a ɓoye. Kin san a tsibirin nan ko kifi ba ma juyawa a faranti, ko kwano ba ma ajiyewa baki ƙasa, don kada jirgi ya kife. Jiya na ɗauki kwanon shinkafar Tomekichi, na hau ɗakin ibada na bakin teku, na tsaya a gaban allan ruwa. Na ce abin da mijina ya gina da gashin sata, yadda na yi da kwanon nan haka teku ya yi da shi. Na kife shi a kan dutse, na ɗora tsakuwa, na sauko ban waiwaya ba.

Ki karanta masa wannan da muryar taki mai daɗi.

Fusano

*

Tsibirin Kazahaya, ƙarshen Nuwamba 1941

Itoe, ƙanwata,

Ina gaishe ki, in za ki karɓa. Inna lafiya. Ni ban san yadda nake ba.

An bar Gonpachi ya shiga da lemu, ya dawo yau da rana, ya miƙo mini takardar da kika rubuta tun Satumba. Ya ce tun lokacin tana wajenki tana jiransa.

Zan faɗa miki gaskiya ko da za ta ƙara mini laifi. Idona rubutun ƙasa ya fara kamawa, baƙaƙen nan masu kama da tafiyar kaguwa. Na karanta "ba zan sa ki a ciki ba," sai daɗi ya rufe ni har na zauna a ƙasa. Ya ji tsoro saboda ni. Abin da na fara ji ke nan, kafin in koma sama in ga sunan Shinsaku.

Na fita ba takalmi. Kwanon yana nan inda na bar shi, ganye ya taru a gefensa. Na ɗauke tsakuwar, na tayar da shi, na wanke da ruwan teku, na cika da shinkafar da ta rage mana ta wannan makon na ajiye a gaban allan ruwa. Na roƙa har muryata ta dishe. Na ce ban sani ba, na ce a mayar da abin a kaina.

Da na dawo na gaya wa Inna duka. Ta ce, "Kwano kin tayar. Magana fa? Magana zarar bunu ce, ƴar nan."

Amma akwai hanya, kin sani. In sa'ar jirgi ta ɓaci, masassaƙi yakan buɗe ramin ya cire tsohuwar kurwa ya jefa a teku, ya sa sabuwa. An yi wa jirgin mahaifinmu haka shekarar da kifi ya guje shi. Ki gaya wa Tomekichi ya buɗe. Ya cire naki, ya sa nawa, ga shi na sake aikowa. Bakina ne ya yi ɓarnar, to teku ya riƙe ni. In ya ƙi, ki ce masa ban taɓa roƙonsa komai ba tun da ya aure ni.

Ba na cewa ki yafe mini yanzu. Ki dai karanta masa wannan da sauri.

Yayarki,
Fusano

*

Kure, farkon Disamba 1941

Yaya Fusano,

Na karɓi gaisuwarki. Ki gaida Inna. Ina lafiya.

Takardarki ta Oktoba ta same mu muna cin abinci. Na buɗe na fara karanta masa kamar kullum. Da na kai wajen kwano na tsaya. Ya ce, "Ci gaba." Na ce, "Sauran gaisuwa ce." Ya ce, "Itoe, Fusano ba ta gaisuwa a ƙarshe." Na karanta. Ya ajiye tsinken cin abincinsa ya fita tsakar gida. Ni na ƙarasa shinkafata, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Ta jiya ma na karanta masa, har ƙarshe, da sauri yadda kika ce. Ba a iya buɗewa, Yaya. An sauke masassaƙa tun tsakiyar watan jiya, jirgin ya koma hannun sojan ruwa, ba farar hular da zai sake taka shi. Yaya Tomekichi ya je ya ce ya manta ƙarfensa a ciki, suka ba shi sabo daga sito suka ce ya tafi.

Shinsaku ya zo sallama ranar Lahadi. Ya ga kaina ya ce na koma kamar ɗan makaranta. Ban gaya masa dalili ba, ban gaya masa maganar kwano ba. Na dafa masa jan wake da shinkafa, ya ci kwano uku, ya ce in ajiye masa lemun tsibiri in Gonpachi ya kawo. Garin nan ya cika da motoci da sojoji, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, kowa ya san yaƙi ne ke tafe, ba mai faɗa.

Na san ba ki sani ba. Na faɗa wa kaina haka sau ba adadi. Amma Yaya, ko da Shinsaku ba ya ciki, kin san gashina yana ciki, kuma kin san Gwaggo Matsu. Da kika kife kwanon, ni kika sani.

An sallami Yaya Tomekichi. Zai biyo Gonpachi gobe, shi zai kawo miki wannan takarda da gashinki. Kayansa duk a wanke suke. Yana tari da safe, ki riƙa ba shi ruwan zafi da citta.

Ga mijinki nan na mayar miki. Kada ki sake rubuto mini sai nawa ya dawo.

Itoe